Direba, kada ka ɗora wa ƙaddara laifin kuloci!

Ƴan uwa, akwai wata magana da ta ishe mu ji. Mota ta tsaya cikin yashi tsakanin Dungas da Magariya, rana na dukan fasinja, direba ya ce: ƙaddara ce. A'a! Sau da yawa sakaci ne. Kuloci, wanda wasu ke kira ambarayaji, ba ya mutuwa rana ɗaya. Sai ya yi ta kuka kafin ya mutu. Mai motar ne ke toshe kunnensa.

Mine ne aikin kuloci? Shi ne ke haɗa ƙarfin inji da giya. In direba ya taka, ya raba su. In ya saki, ya haɗa su. A cikinsa akwai wani faranti da ke cinyewa sannu-sannu, kamar gindin takalmi.

Motocinmu tsofaffi ne. Tun 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna. Wadda ake kira 504 ta daɗe tana yi mana bauta. Tsufa ba laifi ba ne. Laifin shi ne rashin kula.

Ga alamu huɗu, kowa ya riƙe su.

Ta ɗaya: inji na ruri, mota ba ta gudu, ga warin ƙuna. Faranti ya cinye ke nan.

Ta biyu: giya na gurza ko ta ƙi shiga. A fara duba man kuloci, ko wayar da ke jansa. Wannan gyara ba shi da tsada.

Ta uku: ana jin ƙara in an taka, ta ɗauke in an saki. Boris ne ya gaji.

Ta huɗu: mota na karkarwa wajen tashi. Wataƙila mai ya zubo kan faranti.

Gwajin faranti ba ya cin ko dala. A tsaya a fili inda ba kowa. A ja birkin hannu, a sa giya ta uku, a saki kuloci a hankali. In inji ya mutu, faranti na da sauran rai. In ya ci gaba da aiki, lokacin gyara ya yi.

To, wa ke kashe kuloci? Direban da ke ɗora ƙafa kansa duk tsawon tafiya. Da mai motar da ke lafta buhunan gero da wake, ga mutane a sama. Da wanda ya kafe a yashi, ya yi ta taka totur maimakon a sauka a tura.

Wani zai ce: kuɗin gyara babu. Mun ji. Amma wanne ya fi tsada, faranti ɗaya ko jawo mota daga Dogo-Dogo zuwa gareji? In mace mai naƙuda ce a ciki, za a kai ta asibitin Magariya fa? Wa zai biya wannan?

Makanikai, ku ma ku ji tsoron Allah. Kada ku sauke giya alhali mai ne kawai ya ƙare. Ku bincika tukuna, ku faɗi gaskiya.

Fasinja, kuɗinku kuka biya. In kun ji warin ƙuna tun daga tasha, ku yi magana. Rigakafi ya fi magani.