Tarar Skyrim: adalci ne ko ciniki?

A shekarar 2011 kamfanin Bethesda na Amurka ya fito da Skyrim, wasan kwamfuta da ke sakin mutum cikin wata ƙasa mai jihohi 9, ya nufi inda ya ga dama. Amma sakin ba na banza ba ne. Wanda aka gani yana ɓalle kwadon ƙofar wani, tararsa zinariya 5. Duka, 40. Kisan kai, 1000. Dogari zai tare shi: ko ya biya, a karɓe kayan satar da ke jikinsa, ko ya kwana a kurkuku.

Masu yabon wannan tsari suna da hujja, kuma duk ɗan kasuwar da ya taɓa cinikin tara a bakin hanya zai gane ta: farashi sananne ne, ba a ƙara shi don an ga babbar riga, in an biya magana ta mutu.

To amma mu duba da kyau. Sabon shiga ba ya da 1000, sai kurkuku. Wanda ya daɗe yana tara dukiya kuwa, ran mutum ya zame masa kayan sayarwa. Kowace jiha da littafinta, saboda haka mai laifi a Whiterun mutumin kirki ne a Riften. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sarautar Thane: mai ita na iya ambata wa dogari muƙaminsa, a yafe masa. Ga kuma wadda ta fi muni: in ka kashe shaidu kafin su kai ƙara, tarar ta goge.