Kafin Ka Sayi Saniyar Da Ka Gani A TikTok, Duba Gashinta

Bidiyon farar beyar ƙanƙara na cikin abubuwan da ke yawo a wayoyinmu, muna kallo muna wucewa. Amma dabbar nan tana da abin da ya shafi mai kiwo a Funtua ko Malumfashi kai tsaye. Gashinta ba fari ba ne a zahiri, ba shi da launi, kuma cikinsa rami ne, haske ne ke sa ya yi fari. Fatar da ke ƙarƙashi kuwa baƙa ƙirin ce. Wannan gado ne daga iyaye. Wadda gashinta ya fi sajewa da ƙanƙara ta fi iya laɓaɓa wa abin farauta, ta fi ƙoshi, ta fi barin 'ya'ya. Haka aka yi ta tacewa shekaru dubbai har ta rabu da 'yar'uwarta mai launin ƙasa.

Yanzu dubi Bunaji, farar saniyar Fulani. Gashi fari gajere, fata mai duhu, kunne da hanci baƙaƙe. Tsarin kusan ɗaya ne, aikin ne ya bambanta: farin gashin yana mayar da hasken rana, duhun fatar yana kare ta daga ƙuna. Shi ya sa take kiwo a zafin Afrilu ba ta damu ba.

A nan ne nake da ja da abin da ke faruwa a Facebook da TikTok. Matashi ya ga Friesian, saniyar Turai mai baƙi da fari, ana cika bokiti da madararta, sai ya tattara kuɗin masarar da ya sayar ya saya. Bidiyon ba ya nuna fanka da inuwa da kuɗin magani. Saniyar nan an tace ta ne a sanyin Holan. Zafi na tsananta sai ta rage cin abinci, madara ta ja baya, ɗaukar ciki ya yi wuya. Mu masu rubuta manhaja mun san wannan ciwon: manhajar da aka gina don babbar waya, ka ɗora ta a ƙarama, sai zafi da tsayawa.

Ban ce kada a inganta iri ba. Cibiyar NAPRI da ke Shika, kan hanyar Zariya zuwa Funtua, ta daɗe tana haɗa Friesian da Bunaji don a samu madara ba a rasa juriya ba. A Amurka ma, a 2022 hukumar FDA ta amince da naman shanun da aka gyara wa ƙwayar halitta don su yi gajeren gashi mai santsi, irin na shanun Senepol. Wato suna kashe daloli neman abin da ke tsaye a garken maƙwabcinka.

Abin da muka rasa shi ne rubutu. Wace saniya ce ba ta rame a bazara ba? 'Yar wa ce? Makiyayi na riƙe da wannan a ka, amma da ya sayar, bayanin ya tafi. Wayar da ke hannunka ta isa: hoto, ranar haihuwa, uwa da uba, litar madara kowane mako, a Google Sheets ko ma littafin rubutu na waya. Bazara biyu kawai, za ka san wace maraƙa za ka riƙe, wace za ka kai kasuwa.