SUNAN JAMI'A BA YA BIYAN BASHI

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar JAMB ya fito, sai gardama ta tashi a gidajen Maiduguri. Yaro yana hangen jami'ar da ta yi suna a Legas ko Abuja, ko ma ƙasar waje, uba kuwa yana duban aljihunsa. Kowannensu yana da hujja. Jami'a mai suna takan buɗe wa mutum ƙofa wajen neman aiki, ta kuma haɗa shi da 'ya'yan manya. Su kuma jami'o'i masu zaman kansu ba sa shiga yajin aiki irin na wata 8 da ƙungiyar malamai ta ASUU ta yi a 2022.

To, amma kafin a sayar da fili ko a kai gida jingina, ya kamata a duba abin da ke ƙofar gida. Akwai Jami'ar Maiduguri da gwamnatin tarayya ta kafa a 1975, wadda Shugaba Tinubu ya sanar da sa mata sunan Muhammadu Buhari a 2025. Tana da asibitin koyarwa, ta kuma yaye likitoci da lauyoyi da injiniyoyi masu yawa. Akwai jami'ar Jihar Borno da aka kafa a 2016, ga kuma Kwalejin Fasaha ta Ramat. Yaron da ya yi karatu a garinsu ya huta da kuɗin haya da na mota, tuwon gida kuma yana jiransa.

Duk da haka karatun gwamnati ma ya daina zama kyauta. Jami'ar Maiduguri ta yi ƙarin kuɗin rajista mai yawa a 2023, sa'an nan cire tallafin man fetur ya ƙara wa iyaye nauyi. A watan Afrilun 2024 aka sa hannu a dokar rancen ɗalibai, hukumar NELFUND ta fara karɓar masu nema a watan Mayu. Rancen ba shi da ruwa. Ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, a ba ɗalibi Naira 20,000 a wata don guzuri. Biya yana farawa shekara 2 bayan hidimar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Ɗaliban makarantun gwamnati kaɗai ke samu, saboda haka wanda ya zaɓi jami'a mai zaman kanta, aljihun ubansa ne asusunsa.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma a yi lissafi. Idan ɗalibi ya karɓi guzurin wata 10 a shekara har shekara 4, ya ci Naira 800,000 ke nan, ban da kuɗin rajista. In ya fara aiki a kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, za a riƙa cire masa Naira 7,000 a wata, sai ya shekara 9 da ɗoriya kafin ya gama. A tuna kuma gwamnatin Janar Gowon ta kafa hukumar rancen ɗalibai a 1972, shirin ya durƙushe saboda waɗanda suka ci ba su biya ba.

Masu hangen ƙetare su ma su yi hattara. Da darajar Naira ta faɗi, Jami'ar Teesside ta Ingila ta dakatar da wasu 'yan Nijeriya a 2024 saboda sun kasa cika kuɗin makaranta. A Amurka bashin ɗalibai ya haura dala tiriliyan ɗaya da rabi.

Abin da ya dace uba da ɗa su zauna su tambaya shi ne: hukumar NUC ta amince da fannin a wannan jami'a? Nawa ne jimlar kuɗin har ranar gamawa? Waɗanda suka karanta fannin suna samun aiki? In amsa ta nuna sai an ci bashi, a ci daidai wuya. Daidai ruwa, daidai tsaki. Allah ya ba yaranmu ilimi mai amfani, amin.