Sharhi: Harshen Morse bai tsufa ba, matasan Gure na da buƙatarsa

Tun 1844 Samuel Morse ya aika saƙon tangaraho daga Washinton zuwa Baltimo. Jiragen ruwa sun daina dogaro da tsarinsa a 1999, kuma a 2003 hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta cire sharaɗin iya shi ga masu rediyon sha'awa, wato mutanen da ke da lasisin tattaunawa da juna ta na'urarsu. Duk da haka ba su yar da shi ba.

Dalilin a fili yake. Ɗigo da layi na ratsa hayaniyar iska inda muryar mutum ke ɓacewa. Da batirin mota, da doguwar waya, da ƙarfin wat 5, saƙo kan tsallaka teku.

Wannan ya shafe mu. Bayan zaɓen Fabrairun 2021 an katse intanet ɗin wayar salula a Nijar kusan kwana 10. A Satumban shekarar aka rufe layukan waya a Zamfara. 'Yan uwa da ke ƙetare sun kwana cikin zulumi. Daga Gure zuwa Tesker da tsaunukan Termit kuwa, rugage da rijiyoyi da dama ba su da sabis ko a ranar lafiya.

Hukumomi na iya fargabar rediyo a hannun jama'a saboda tsaro. Maganin haka lasisi ne: kowane mai aika saƙo yana da lambar kira, ta Nijar tana farawa da 5U, an san shi.

Muna kira ga hukumar ARCEP ta sauƙaƙa samun lasisin, makarantun jihar Damagaram su buɗe kulob-kulob, 'yan ƙetare su taimaka da na'urori.