Kirsimetin Maraya da Ɗan Riƙo

Kowace shekara, da zarar Disamba ya kama, sai ka ga ƙungiyoyi da masu hannu da shuni sun nufi gidajen marayu da buhunan shinkafa da kayan wasa. A jera yara su yi waƙa, a ɗauki hoto, kafin la'asar baƙi sun watse. Ba mu raina wannan alheri ba. Amma a ganina, babban abin da yaron nan ya rasa ranar Kirsimeti shi ne gidan da zai kira nasu.

Duk wanda ya ga bikin nan a Wusasa ko Kafanchan ya san na zumunci ne. A ɗinka wa yaro sabon kaya, ya bi iyayensa majami'a, a dawo a aike shi da kwanon abinci gidajen maƙwabta, Musulmi da Kirista, sa'an nan ya je gaida kakanni. A gidan marayu kuwa, wadda ta yi masa wanka da safe ba lalle ita za ta kwantar da shi da dare ba, baƙon bana kuma da wuya ya dawo baɗi.

Ilimi ya tabbatar da illar wannan hali. A shekarar 2000 masana suka soma bincike a birnin Bukarest na ƙasar Romaniya a kan yara 136 na gidajen marayu. Aka mayar da rabinsu hannun iyayen riƙo, sai ga shi sun fi waɗanda aka bari kaifin basira, musamman waɗanda aka ɗauka tun ba su cika shekara biyu ba. A 2009 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin da suka fifita renon ƙananan yara cikin iyali.

Mu Hausawa riƙo ba baƙonmu ba ne. Littafin Baba of Karo na 1954 ya nuna yadda matar da ba ta haihu ba ta reni 'ya'yan dangi. Sai dai riƙon ma ranar biki ake gane ingancinsa. In aka yi wa 'ya'yan gida ɗinki aka bar ɗan riƙo da kwance, yana wanke-wanke suna yawon gaisuwa, to, maraicinsa ya zama biyu.

Saboda haka ina kira ga majami'u da masu taimako su dubi abin da ya wuce rana ɗaya. Da yawa daga cikin yaran nan suna da uwa ko kaka a raye, talauci ne ya raba su. Kuɗin da ake kashewa a shagalin yini guda, in an biya kuɗin makaranta da shi ko an ba uwa jari, zai iya mayar da yaro ɗakinsu. Wanda ba shi da kowa kuwa a sama masa iyayen riƙo, jami'an jin daɗin jama'a su riƙa kai ziyara. Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Allah ya ba mu ikon cika wannan magana.