El-Salahi da Itacen Gawo

Bahaushe ya san halin gawo: ya kaɗe ganye da damina, ya yi kore shar da rani. A Sudan haraza ake ce masa, kuma Ibrahim El-Salahi ya shafe shekaru yana zana shi.

An haife shi a Omdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo. Ya koyi zane a makarantar Slade ta Landan, amma da ya baje ayyukansa a Khartum, mutanen gari ba su ga kansu a ciki ba. Sai ya waiwayi haruffan Larabci da ya tashi da su, ya riƙa lanƙwasa su har fuskoki da dabbobi suka ɓullo. A 1975 gwamnatin Numairi ta tsare shi wata shida a kurkukun Kober ba shari'a. A can ma bai daina ba, a takardar buhun siminti yake zane, ya binne a ƙasa.

A 2013 gidan Tate Modern ya baje kolin ayyukansa. Masu zayyanar allo na Kano da Damagaram sun fi kowa cancantar ganinsu, ya kamata malaman zane su kai musu.