Bulala Ba Za Ta Cika Aji Ba

Duk wanda ya yi firamare a Fagam ya san zancen: damina na sauka, aji ya fara raguwa. Wani yana gona, wata tana talla, ranar kasuwa kuwa malam ya kira suna ya ji shiru. Washegari a tarbi yaro da bulala, jibi ya sake gudu.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta. Iyayen da suka ƙi, a fara da gargaɗi, in sun sake, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata guda. To amma tara ba ta nome wa uba gona, ba ta dawo da malamin da shi ma yake fashi.

Kiranmu ga SUBEB ta Jigawa da ƙaramar hukumar Gwaram: a riƙa duba rajistar ɗalibai da ta malamai. Yaron da ya kwana uku bai zo ba, kwamitin makaranta da mai unguwa su je gidansu su ji dalili.

Mu kuma matasa, kafin mu hau Facebook mu caccaki gwamnati, mu tambayi ƙannenmu: yau kun je makaranta?